Kwalabe Shida Daga Kano Zuwa Nima

Mun tashi da asubar ranar Laraba, ni da yayana, ana idar da salla muka kama hanyar tasha. Kayana jaka ɗaya ce, sai wata 'yar kula shuɗiya irin wadda ake kai wa marar lafiya abinci a asibiti, na rungume ta a cinya. A cikinta kwalabe shida ne ƙanana, kowace ba ta wuce babban yatsa ba, cike da baƙin ruwa, na jera su a tsakiyar ƙanƙara. Aikina na shekara huɗu ke nan.

Da yawa daga cikin masu bibiyata a nan sun sha tambayata abin da nake yi a ɗakin gwaji, don haka bari in faɗa a taƙaice. Idan aka saka lantarki a ruwa, yana rabuwa gida biyu, iskar oksijin da iskar haidurojin. Ita haidurojin makamashi ce, ana girki da ita, ana tayar da inji, kuma idan ta ƙone ba ta barin hayaƙi, ruwa take komawa. Matsalar ita ce ruwa yana da taurin kai, ba ya rabuwa da sauƙi sai an sa masa wani abu da zai hanzarta aikin. Wanda ya fi kowane iyawa shi ne ƙarfen filatinom, shi kuwa tsadarsa ba ta talaka ba ce. Ni ina aiki ne da wani baƙin gari, irin wanda ake zubawa a baƙin giris na makanikai. Garin nan falle-falle yake kamar shafukan littafi. Idan aka ɗaye shi har ya zama falle ɗaya ko biyu, siririn da ido ba ya gani, gefunansa suna iya yin wani abu daga aikin filatinom. Na ɗaye nawa. Abin da ya rage shi ne in tabbatar da siraransu da na'urar da ke auna kauri, kuma tamu ta lalace tun bara. Wata jami'a a Akara ta ba ni kwana biyu, Litinin da Talata. Sashenmu kuma ya riga ya rubuto mini cewa idan ban miƙa kundina a wannan zangon ba, za a rufe mini rajista.

Jirgin sama ba zai ɗauki irin wannan ruwa cikin sauƙi ba, shi ya sa muka bi ƙasa. Yayana ya biyo ni ne a matsayin rakiya, amma tun kafin Zariya na gane cin abincin hanya ne ya fito da shi. Ya sayi masara a Kaduna, ya sayi kilishi kafin Abuja, a Lakwaja kuwa, inda muka kwana, ya zauna gaban soyayyen kifi har sai da mai kifin ta fara kiransa da Alhaji. Ni abin da nake nema a kowane zango ƙanƙara ce. Rana ta biyu muka ratsa Okene da Akure da Ibadan, hanya wani wuri sumul wani wuri sai direba ya yi ta kewaye ramuka kamar mai tallar goro a layin masallaci. Muka kwana a Legas.

Ranar Juma'a ita ce ranar kan iyaka, har guda uku. A kowace sai an sauko, a buga fasfo, a duba katin rigakafi, sannan a zo kan kula. Ban ga laifin ma'aikatan ba, ko ni ce na ga mace da baƙin ruwa a kwalabe sai na tambaya. Ina da takardar jami'a, suna karantawa suna mayar mini, amma duk buɗewa sai zafi ya shiga. A Kwatano na ga 'yan acaɓa masu rawayen riguna sun cika titi kamar fari, ga fetur a manyan kwalabe ana sayarwa a bakin hanya. A Lome teku yana gefen hagunmu, kusa har kana jin gishiri a leɓe. Yayana ya sha ruwan kwakwa biyu, ya ce agogon garin ma ya koma baya da awa ɗaya don a ba baƙo lokacin ci. Bayan Aflawo muka haye gadar kogin Bolta, mata suka yanyame motar da burodi da wasu ƙananan soyayyun kifaye. A nan na leƙa kula na tarar ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Na nemi wata ban samu ba.

Mun shiga Akara bayan magariba. Masaukinmu a unguwar Nima yake, gidan Goggo Asabe, 'yar wan kakanmu. Mahaifinta ya zo fataucin goro tun kafin a haifi babanmu, ya yi aure, bai koma ba. A can aka haife ta, kuma ban taɓa ganinta ba sai a waya. Ta tare mu a bakin titi, gajeriyar mace mai ƙiba da saurin tafiya, ta riƙe fuskata da hannu biyu.

"Ka zo lafiya? Ka gaji, ko? Kai, ka yi kama da babanka."

Na waiga ina zaton da yayana take. Ashe da ni take. A Hausar Zango, wato unguwannin Hausawa na can, mace ma "ka" ce, kuma kafin mu bar garin ni da kaina na fara cewa "ya tafi kasuwa" idan ina nufin Goggo. Muka bi ta cikin lunguna waɗanda mutum biyu ba sa jerawa, ana ta yi mata sannu da baƙi. Gidan ɗakuna ne kewaye da tsakar gida ɗaya. Akwai Dagomba, akwai Kotokoli, akwai wata 'yar Mali, kowa da yarensa a ɗaki, amma a bakin famfo Hausa ake yi, ana tsoma yaren Tuwi na mutanen ƙasar da Turanci a ciki ba tare da kowa ya lura ba. Aka kawo tuwo mai laushi da miyar ayoyo, wanda suke kira tuwon zafi. Na saka kwalabena a firjin Goggo ban duba su ba, saboda gajiya, kuma ina jin saboda tsoro.

Da safiyar Asabar na fito da su na ɗaga a hasken tsakar gida. Ruwan da na baro Kano da shi baƙi ne mai ɗan kore, gauraye ɗaya daga sama har ƙasa. Yanzu sama ya yi garau kamar ruwan sha, baƙin duk ya kwanta a gindi kamar ƙasan kofin koko. Kwana uku na zafi da jijjiga sun sa fallayen sun sake mannewa da juna. Na girgiza da hannu, suka tashi, kafin minti biyar suka koma suka kwanta. Hannu ba ya raba su. Akwai wata na'ura da ke kaɗa ruwa da sauti mai tsananin sauri, ita ce ke shiga tsakanin fallayen ta ɓamɓare su. Na kira ma'aikaciyar ɗakin gwajin da za ta karɓe ni ranar Litinin. Ta ba ni haƙuri, ta ce tasu tana jiran gyara, kuma bayan Talata na'urar aunawa ta cika da masu layi har wata uku.

Yayana ya ce mu roƙi sashenmu su ƙara mini lokaci. Na ce masa sun riga sun ƙara sau biyu. Na zauna a kan turmi da kwalba a hannu ina lissafin abin da zan iya yi cikin kwana biyu, ban yarda in yi lissafin komawa ba.

Goggo ta dawo daga unguwar Mamobi wajen ƙarfe goma sha ɗaya. A can take sayar da wace, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi da kanwa har ta yi ja, a zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yajin da suke kira shito. Tun bakwai na safe layinta yake kaiwa bakin titi. Ta ajiye tukwane, ta dube ni, ta ce wa ya mutu. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ba ta tambayi komai game da haidurojin ba. Ta ce, "Injin nan, yaya kamanninsa?"

Na ce kamar ƙaramar tasa ce ta ƙarfe mai murfi, ana zuba ruwa a ciki, idan aka kunna tana ƙara kamar an tara sauro dubu.

"Yoo. Na Alhaji Sumaila ke nan. Can nake wanke 'yan kunnena duk salla. Sa mayafinka."

Maƙeran zinariya suna wanke sarƙa da zobe da irin wannan na'ura. Na san haka a karatu, amma ban taɓa haɗa shi da aikina ba. Muka fita mu uku. A mahaɗar Kawukudi motoci sun cushe, kwandastocin torotoro, wato ƙananan bas ɗinsu, suna leƙowa ta taga suna kiran sunayen unguwanni da wata alama ta hannu da kowa ya gane sai mu. Goggo ta tura mu cikin ɗaya. Kuɗin mota bai kai yadda na zata ba, amma kujerar an yi ta ne don masu gajerun ƙafafu, yayana ya yi tafiyar gwiwarsa a haɓa. Muka wuce gefen kasuwar Malam Atta, inda doya take jibge kamar itacen girki, mata 'yan dako suna ratsa motoci da manyan tasoshi a ka, wasu da goyo. Muka sauka a Niyu Tawun, wadda tsofaffi har yanzu suke kira Legas Tawun.

Shagon ɗan ƙarami ne tsakanin tela da mai gyaran fanka. Alhaji Sumaila dattijo ne siriri mai farin gemu, iyayensa daga Damagaram suka zo, don haka Hausarsa cikakkiya ce irin ta gida. Gabansa cike da sarƙoƙi, domin a Zango ranar Lahadi ake ɗaura aure, Asabar kuwa kowace uwar amarya tana son nata ya yi ƙyalli. Na'urar tana kan teburinsa tana ƙara. Muka gaisa, Goggo ta gabatar da ni, na buɗe kula. Yana ganin kwalaben fuskarsa ta canza.

"Hajiya, ki mayar da baƙinki," ya ce wa Goggo. "Ba na taɓa kayan galamse."

Galamse shi ne haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya. Ya ce ba sau ɗaya ba mutane masu kyan shiga sun zo masa da kwalabe, wani da zaiba, wani da ruwan da ba a san sunansa ba, kowa da takardarsa. Ya ce kogin garin matarsa da ake sha da, yanzu launinsa kamar kunu, ko dabba ba ta sha. Ya rantse tun shekarun baya ba zai sa hannu a irin wannan ba. Na miƙa masa takardar jami'a, bai karɓa ba. Goggo ta fara faɗa da Hausa ta zarce da Tuwi. Shi dai ya ci gaba da goge zobe.

Na roƙi Goggo ta yi shiru. Na ce, "Baba, ka ba ni minti goma da kofin gilashi ɗaya. Idan ban gamsar da kai ba zan tafi, ba zan sake damunka ba."

Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya tura mini kofin shayinsa. Na aiki yayana ya sayo fensir biyu da ɗan batir mai kusurwa huɗu. Goggo tana da ƙullin kanwa a bakin zaninta, kamar kowace mai dafa wace. Na wanke kofin, na zuba ruwan leda, na jiƙa kanwa a ciki. Na fiƙe fensiran kai da gindi, na roƙi Alhaji guntun waya biyu, na haɗa su da batir, na tsoma bakin fensiran a ruwa. Kafin a ƙirga goma ƙananan kumfa suka fara taruwa a kan bakin kowanne suna hawa sama. Ya ɗauko ɗan gilashin da yake duba zinariya da shi, ya manna a ido, ya sunkuya.

"Wannan gefen ya fi wancan yawa."

"Ninki biyu ne, Baba. Mai yawan ita ce ke kama wuta. Ita nake nema."

"Daga ruwan take fitowa, ko daga batir?"

"Daga ruwan."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce shekara hamsin yana kashe jan ƙarfe mai zafi a ruwa, bai taɓa sanin akwai abin ƙonewa a cikinsa ba. Ya tambayi aikin baƙin garin. Na ce fensir yana yi amma da wahala, yana cin batir, filatinom kuwa yana yi da sauƙi. Da ya ji filatinom sai ya yi dariya, domin ya san farashinsa fiye da ni. Na ce garin nan nake so ya maye gurbinsa, ko da rabin aikin ne, ta yadda wata rana hasken rana da ruwa za su ishi mace ta dafa abinci ba gawayi. Ya buɗe kwalba ɗaya da izinina, ya shinshina, ya ɗiga a takarda ya murza da yatsa. Ya ce wannan ba kayan zinariya ba ne. Ya ce in dawo bayan la'asar idan ya sallami iyayen amare, gobe kuma shagon nawa ne.

Na'urar Alhaji ba irin ta ɗakin gwaji ba ce. Ƙarfinta kaɗan ne, kuma duk bayan 'yan mintuna takan kashe kanta sai an sake danna maɓalli. Ga shi ruwan cikinta yana ɗumama, zafi kuwa shi ne ya jawo mini matsalar tun farko. Muka raba aiki. Alhaji ya lanƙwasa waya ya yi wa kwalaben mazauni don kada su taɓa ƙasan tasar. Ni ina duba zafi ina canza ruwa. Yayana, wanda a gida ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa, shi ne mai danna maɓalli kuma mai zuwa sayen ƙanƙara wajen wata mai firji a bayan layi. Ranar Asabar muka yi daga la'asar zuwa magariba. Ranar Lahadi muka fara tun bakwai na safe.

Wajen azahar aka ɗauke wuta. Alhaji ya fita, sai ga shi da doguwar waya ya jawo daga janaretan wani gidan biki da ke bayan shagon. Haka muka ƙarasa yinin, kiɗan biki yana girgiza bango, na'ura tana ƙara, mata cikin leshi iri ɗaya suna leƙowa su ga Kanawan da ke wanke baƙin ruwa. Daga gidan bikin ma aka aiko mana da shinkafa. Da la'asar na ɗebi ɗigo ɗaya na tsinka shi da ruwa, na haska fitilar waya ta bayansa. Launin ya fito kore-kore kamar ruwan dafaffen zogale. Wannan koren shi ne alamar fallayen sun rabu. Huɗu suka nuna shi sosai, biyu suka yi wani fari-fari da ban so ba. Muka ƙara awa biyu, sannan na kwashe.

Da safiyar Litinin babu kwalbar da baƙinta ya kwanta. Muka ɗauki tasi zuwa jami'ar, na rungume kula kamar yadda na saba. Ma'aikaciyar, wata mace mai natsuwa da ba ta jin Hausa, ta tambayi inda na samu na'ura a ƙarshen mako. Da na gaya mata ta cire tabarau ta yi dariya, sannan ta ce in tabbata na rubuta hakan a kundina yadda ya faru. Na ce dama niyyata ke nan.

Sakamakon bai zo yadda na yi mafarki ba. Kwalabe biyun nan masu fari-fari iska ta shige su a hanya, sun lalace. Ɗaya fallayenta sun yi kauri. Uku ne suka fito. A fuskar kwamfuta na ga abin da nake yi shekara huɗu ban taɓa gani da idona ba: 'yan gutsattsari barbaje kamar ƙanzo a faranti, yawancinsu kaurin falle biyu zuwa huɗu. Na tashi na je banɗaki na wanke fuska, na dawo muka ci gaba da aunawa. Ranar Talata muka shafa su a sandar gwaji muka tsoma a ruwa. Kumfa ta fara fitowa da lantarki ƙasa da wanda garin da ba a ɗaye ba yake buƙata, da tazara mai kyau. Muka maimaita sau uku, amsa ɗaya.

Da yamma na biya shagon Alhaji da hoton da aka buga mini a takarda. Ya sa gilashinsa ya duba, kamar an kawo masa zobe.

"Ya kai filatinom?"

"Bai kai ba, Baba. Da saura sosai."

"To, sai ki koma ki ƙara, 'yata."

Ya nemi ƙusa ya kafe hoton a bango kusa da kalanda.

Ranar Laraba Goggo ta cika mana jaka da shito da sabulun salo, ta raka mu har titi tana yi mini faɗan in riƙa cin abinci. Tunda babu sauran ruwan ɗauka, yayana ya ce ko da ɗaure shi za a yi ba zai sake hawa mota ba. Muka hau jirgi. Hanyar da ta ci mana yini guda tsakanin Legas da Akara, awa ɗaya muka yi a sama. Mun sauka Kano da yamma, yarana suka tare ni a ƙofa suna tambayar tsaraba, maigidana kuma yana tambayar kwalba nawa suka tsira.

Na miƙa kundin kwana tara kafin wa'adi. A babin hanyoyin aiki na rubuta irin na'urar da na yi amfani da ita da inda take, ban ɓoye komai ba. Abin da tafiyar ta koya mini bai yi mini daɗi ba da farko. Shekara huɗu ina rubuta wasiƙu ina jiran kayan aiki daga ƙasashen waje, ban taɓa yi wa wani da ke wajen jami'a bayanin aikina da Hausa ba, don ina ganin ba zai gane ba. Da na yi sau ɗaya, mai sayar da abinci ce ta nuna mini hanya, maƙeri ya buɗe mini shagonsa. Asabar ɗin da ta biyo baya na shiga layin maƙeran zinariya a cikin birni, tafiyar minti ashirin daga gidana, ina leƙa shaguna ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga irin na'urar Alhaji guda uku. Na gaisa da mai ta ukun, na roƙe shi kofin gilashi.